Ta yaya zan gane akanta na gaskiya don harkar haraji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kamfanin sarrafa shinkafa a Kano, na yi masa rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, shekara uku ke nan, amma ban taɓa leƙa hukumar haraji ba. Yanzu ina neman wata kwangila, an ce sai na kawo takardar shaidar biyan haraji da lissafin kamfani wanda odita ya sa wa hannu. Wani da na haɗu da shi a bakin ofishin haraji ya ce in ba shi kuɗi, cikin kwana biyu zai kawo mini duka. In ba shi? In kuwa a'a, wa zan nema?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka ba shi ko sisi. Lissafin shekara uku ba ya haɗuwa a kwana biyu sai dai a ƙaga alƙaluma, kuma yanzu a intanet ake tantance takardar haraji. Ranar da aka gano ta jabu ce, sunan kamfaninka ne a jiki, shi kuwa ba za ka ƙara ganin ƙeyarsa ba.

Ba duk wanda ake kira akanta ne zai iya yi maka wannan aiki ba. Yaron da ke rubuta maka shiga da fita a littafi yana da amfaninsa, amma sa hannunsa ba ya wucewa a banki ko a hukuma. Ƙungiyoyin akantoci biyu ne doka ta amince da su a Najeriya: ICAN, wadda aka kafa a 1965, 'ya'yanta na sa ACA ko FCA a bayan sunansu, sai ANAN, wadda ta samu amincewar doka a 1993, nata na sa CNA ko FCNA. Akwai kuma CITN ta ƙwararrun haraji, kuma da yawa suna riƙe da shaida biyu. Sai dai zama ɗan ƙungiya kaɗai bai wadatar ba. Akanta na iya shekara ashirin yana aikin banki da ACA ɗinsa, amma ba shi da lasisin buɗe ofis ya binciki lissafin jama'a. Wanda zai sa wa lissafinka hannu sai mai wannan lasisi, mai hatimi, mai lambar rajista da FRC, hukumar da ke sa ido kan rahotannin kuɗi. Ka nemi lambobin nan ba tare da jin nauyi ba, ka tuntuɓi ƙungiyar ta shafinta ko ta reshenta na kusa da kai. Na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Wajen nema kuwa, ka fara da abokan sana'arka da suka riga ka shiga tsari, ba waɗanda aka "yi wa hanya" ba. Wanda ya saba da masu injin shinkafa ya san cewa shanshera a hannun manoma ake sayenta a Kura ko Bunkure ba tare da rasit ba, ya kuma san irin takardar da za ka riƙa cikewa don kuɗin su shiga lissafi. Wanda bai san wannan ba sai ya bar ka da ribar da ba ka ci ba, a yanka maka haraji a kanta.

A zaman farko ka lura da abin da zai tambaye ka. In ya fara da neman bayanan asusun banki na shekarun nan uku, da takardun CAC, da yawan ma'aikata da albashinsu, to aiki ya zo yi. In ya fara da "nawa kake so a rubuta?", ka ɗauki hularka. Kai ma ka gwada shi: ina zan biya? Amsar ita ce, kamfani mai Limited harajin ribarsa na tarayya ne, wato hukumar NRS da ta gaji FIRS a farkon 2026, harajin albashin ma'aikata kuma na jiha ne, a wurinka KIRS, hukumar haraji ta Kano. Da sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista, da jiha ce za ta bi ka kai kanka. Ya kamata kuma ya faɗa maka cewa shinkafa na cikin kayan abincin da ba a ɗora wa VAT, wato harajin da ake ƙarawa a kan farashin kaya, kuma abin da za a cire maka a kuɗin kwangila da sunan haraji ba asara ba ne, ana rage shi daga abin da ake bin ka in an adana shaidarsa.

Wani abin da ba za ka so ji ba: kamfani na da wata shida bayan rufe shekararsa ya miƙa bayanansa, ko ya ci riba ko bai ci ba. Ko da ƙanƙantar kamfaninka ta sa babu harajin riba a kanka, akwai tarar jinkiri, ga kuma bayanan shekara-shekara na CAC da su ma suka taru. Akanta nagari zai lissafa maka wannan tun kafin ya fara.

Ku yi yarjejeniya a rubuce, aiki kaza, lada kaza. Ladansa daban, kuɗin haraji daban, kuma shi harajin, kai ne za ka biya shi da kanka ta banki, rasit ya fito da sunan kamfani. Lambar waya da imel ɗin da za a buɗe shafin kamfani da su a hukumar haraji su zama naka, don an sha ganin wanda ya ɓata da akantansa ya rasa hanyar shiga shafin kamfaninsa. Ka kuma daina biyan kuɗin makaranta da cefane daga asusun kamfani, in ba haka ba ladan aikin ƙaruwa zai yi.

Ita kuwa wannan kwangilar, Alhaji, in wa'adinta na kusa ne, mai yiwuwa ta wuce ka. Ka tattara takardunka a makon nan don ta gaba.