Batirin Switch ɗina ya kumbura, mai gyara ya ce a huda shi da allura

Tambaya: Assalamu alaikum injiniya, barka da aiki. Don Allah ina cikin damuwa ne. Ina da Nintendo Switch, na'urar gem ɗin nan ta riƙewa a hannu, da yayana ya sayo min na hannu shekara biyu da suka wuce, a Jos nake wajen Angwan Rogo. Da farko yana kai min kusan awa uku ina buga ƙwallo, yanzu ko awa ɗaya da ƙyar yake yi, kuma kwanan nan na lura murfin baya ya ɗan ɗago kamar an cusa wani abu a ciki. Cajarsa ta asali ta ɓata tun bara, da ta wayata nake sa shi, in ba wuta kuma in kai shagon masu caji ya kwana. Na nuna wa wani mai gyara ya ce iska ce ta taru a batir, in kawo ya huda da allura ta fita, sannan in sa batirin a firiza kwana ɗaya zai dawo sabo. In yarda? Kuma wane fawa bank ya kamata in saya? Ƙannena ma suna wasa da shi, shi ya sa hankalina ya kasa kwanciya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, in yanzu haka yana jikin caji tashi ka zare shi. Ka danne madannin kunnawa ka kashe shi gabaɗaya, ba wai ka bar shi yana barci ba, ka karɓe shi daga hannun yaran nan, ka ajiye a kan siminti nesa da katifa da labule. Toh yanzu dawo mu yi magana.

Bari in fara da masu sauƙin. Daga awannin da ka faɗa ina kyautata zaton irin na farko ne a hannunka, wanda ya fito a Maris ɗin 2017, shi Nintendo da kansu awa 2.5 zuwa 6.5 suka rubuta masa ya danganta da nauyin gem ɗin. Wanda suka gyara a 2019 da mai sabon allo na OLED na 2021 su ne ke kai awa 4.5 zuwa 9, alhali batirin duk ɗaya ne, 4310mAh, injin ciki ne aka canja ya rage shan wuta. Ka duba lambar da ke ƙasan na'urar, in ta fara da XAW tsohon ne, in XKW ne gyararren. Kuma kamfanin sun faɗa cewa bayan caji wajen sau 800 batirin yana komawa kamar kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Kaga kenan abin da ya riga ya sha hannun wani a waje kafin ya zo hannunka, ba abin mamaki bane ya gaji. Gajiya daban, kumburi daban.

Maganar caja, ta asali tana ba da bolt 15 da amfiya 2.6, wato wat 39, ita kuma cajar waya ta gama-gari bolt 5 ce. Za ta yi caji amma a hankali, in kana buga gem mai nauyi ma sai kaga batirin na raguwa alhali yana jone. Wannan kaɗai ba ya kumbura batir. Abin tsoron shi ne cajojin nan marasa suna da ake sayarwa a baro, da igiyoyi na jabu, da kuma shagon caji inda ake tara waya hamsin a kan katako ɗaya cikin kwantena, ga zafi ga ɗan ƙaramin janareto yana shaƙewa yana dawowa har safe. Ka nemi caja mai bakin USB-C da aka rubuta PD a jikinta, wato mai caji da sauri, ka karanta ƙananan rubutun nan da kowa ke tsallakewa ka tabbata akwai 15V. In a talabijin za ka jona ta dok, wato mazaunin da ake ɗora shi a kai, to dok da caja na asali kawai, don a 2018 mutane da yawa sun yi asarar Switch ɗinsu sanadin dok na wasu kamfanoni.

Fawa bank ma haka, mai PD, 20,000mAh na gaske. Ƙarfinsa a lissafi wat-awa 74 ne, batirin Switch kuma wajen 16, in ka cire abin da ke tafiya a zafi zai cika maka shi kamar sau uku.   In ka ga an rubuta 50,000mAh a jikin abin da bai fi sabulun wanka girma ba, ka ajiye wa mai shi kayansa, na sha buɗe irinsu in tarar da batir ɗaya na gaske sauran cike da yashi don ya yi nauyi a hannu. Amma duk wannan sayayya sai bayan an canja batir, kar ka jona komai a wannan da ke ciki.

Toh yanzu allura. Wallahi ban san wa ya fara kawo wannan ilimin ba, amma a nan Abuja da wuya mako ya wuce ba a kawo min waya ko laftof ko gem da aka yi wa wannan aika-aika ba, kuma kullum da alfahari ake faɗa min, wai injiniya ai na riga na sace masa iskar. Taya ce? Ko ƙurji ne da za a matse ruwa ya fita? Mutane sun ɗauka batirin kamar balan-balan ne, iska ta shiga daga waje, in an fitar shikenan ya warke. Babu iskar da ta shiga. A cikin wannan jakar mai kamar ledar azurfa akwai faifai siraran gaske da aka jera kan juna, wannan na gefen fositif wannan na negetif, tsakaninsu wata 'yar fata da ba ta kai kaurin gashin kai ba, duk suna jiƙe da wani ruwan sinadari mai kamawa da wuta. In batir ya tsufa, ko ya sha zafi, ko an bar shi ya mutu murus wata da watanni sannan aka tashe shi da ƙarfi, ruwan nan ne yake lalacewa yana rikiɗewa zuwa gas. Kumburin da kake gani shaida ce cewa ɓarna ta riga ta faru a ciki, jakar kuma tana aikinta ne da ta riƙe gas ɗin bata bar shi ya fito ɗakinka ba.

In ka soka allura abu biyu ne. Ko dai ƙarfen ya ratsa 'yar fatar nan ya haɗa fositif da negetif, nan take wutar da ke ajiye ta bi ta wuri ɗaya, zafi ya tashi, zafin ya narka fatar da ke kusa, ita ma ta haɗe, haka zai yi ta ci kamar gobarar daji lokacin hunturu, cikin daƙiƙu sai farin hayaƙi da tartsatsi, kuma hayaƙin nan guba ne mai ƙona ido da huhu. Ko kuma ka yi sa'a allurar ta tsaya a fatar waje, gas ya fita, batir ya lafe, mai gyara ya manna selotef ya karɓi kuɗinsa kowa na murna. Wannan na biyun ni ya fi ba ni tsoro, don ka koma gida da abin da aka buɗe wa ƙofa, danshi na shiga kaɗan-kaɗan yana haɗuwa da sinadarin, ga shi alamar da za ta gargaɗe ka an kawar da ita. Ranar da zai yi halinsa ba a teburin mai gyara zai yi ba, a gefen filo zai yi ƙarfe biyun dare yana caji ƙaninka na barci. Gyaran gangar auzinawa kenan.

Kuma abin da ke sa wannan ƙarya ta ƙi mutuwa shi ne sau da yawa ba ya kamawa nan take. Mai gyara zai ce maka ai na yi wa mutum ashirin ba abin da ya faru. Eh, ɗan acaɓa ma yana tsallake danja sau ashirin ya isa gida lafiya. Shin ya bi su gida ya ga yadda suka ƙare? Wanda tasa ta ƙone ba ya dawowa ya ba da labari, sai ya ce tsautsayi ne ko ya ɗora wa masu wuta wai sun kawo ta da ƙarfi. Samsung da duk injiniyoyinsu da ɗakunan gwajinsu, a 2016 sai da suka janye Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya, har jiragen sama suka hana shiga da ita, saboda kuskuren ƙira da ya sa faifan cikin batir ke taɓa juna. Abin da ya faru gare su bisa kuskure shi ne wani ke son yi maka da gangan da allurar ɗinki, har ka biya shi.

An taɓa kawo min wata na'urar gem da aka huda batirinta a wani shago, yaron da ya kawo ta cikin aljihun wandonsa ya sako ta, ina buɗe murfi wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na abin goge farce ya buge ni, gefen batirin ya yi baƙi, robar da ke kusa har ta fara narkewa. Na ce masa tun yaushe, ya ce kwana huɗu, kuma kullum yana sa ta caji a ƙarƙashin filo don kar ƙannensa su ɗauka. Ban iya ce masa komai ba, waje na fita da ita na tura cikin bokitin yashi. In ka taɓa jin irin wannan warin daga gem ɗinka ko wayarka, ya riga ya fara yoyo kenan.

Firiza kuma ita ma shirme ce, gadon zamanin tsofaffin batura ne irin na rediyo da tocila da ake ta camfe-camfe a kansu. Sanyi ba ya mayar da gas ya koma ruwa mai aiki. Abin da zai faru kana fitowa da shi zai yi gumi kamar kwalbar lemo, ruwa ya kwanta a kan ɗan allon lantarkin da ke tsare batirin, in kuma aka yi masa caji yana daskare wata sabuwar ɓarna ce a ciki. Kai da ke Jos ma ka san yadda waya ke saurin faɗuwa da asuba a Disamba da Janairu, wannan sanyin ne ke rage masa kuzari na ɗan lokaci, da rana ta fito ya dawo daidai, ba ciwo bane. Zafi ne babban abokin gaba, shi ya sa kamfanin suka ce a yi amfani da shi tsakanin digiri 5 zuwa 35. Mu nan Abuja a Maris da Afrilu inuwa ma tana wuce haka, balle mota da aka rufe a rana da gem a kan kujera.

Ƙanwar wannan ƙarya ita ce wai sai batir ya mutu tukuf kafin a sa caji, ko sabon abu sai ya kwana awa takwas a wuta. Wannan dokar baturan nikel ce na da. Na litiyom ya fi son a riƙa ɗan ƙara masa, in ya sauko wajen 20 ka jona, kuma in za ka ajiye shi ka yi tafiya ka bar shi wajen rabi, kar ya wuce wata shida ba ka waiwaye shi ba. Sababbin ma sun sa wannan a saiti, Switch 2 da ya fito a Yunin 2025 yana iya tsayar da caji wajen kashi 90, Steam Deck da ROG Ally kuma, na'urorin gem irinsa na wasu kamfanoni, za ka iya tsayar da su a 80, ga mai yawan barin nasa a jone wannan ya fi.

Abin yi yanzu canjin batir ne, babu wata hanya. Lambar batirin Switch HAC-003, ka ce a nuna maka kafin a sa, ka duba ba a kankare rubutu ba kuma a shafe yake ba tudu. Batirin manne yake da gam mai ƙarfi, saboda haka ka tsaya a kan mai gyaran ka gani da idonka, in ya ɗauko sukundireba ko wuƙa zai banƙare shi, ko ya kunna abin hura zafi ya nufi batirin kai tsaye, karɓi kayanka ka yi gaba. Wanda ya san aiki sifirit yake ɗiga wa gam ɗin ya jira ya saki, ya ɗaga da roba a hankali. Wajen kai shi kar ka sa a aljihu ko ka danne shi cikin jaka da littattafai, kuma kar ka matsa murfin don ya koma. Tsohon batirin a naɗe bakinsa da tef a sa cikin gwangwani da yashi, kar a jefa a bola inda ake cinna wa shara wuta yara na tsince-tsince. In ka duba lambar ƙasan nan ka sanar da ni ko XAW ce ko XKW, ka kuma faɗa min abin da aka rubuta a jikin cajar wayar taka, sai in gaya maka ko za ta yi ko sai ka sayi wata.