Na sauke FLAC mai 24-bit, amma kunnena bai ji bambanci ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Kawo nake, ina da kwamfutar tebur mai Windows 10. Na sauke waƙoƙin FLAC masu 24-bit/96kHz, amma ban ji sun fi MP3 daɗi ba. Ga kuma wani ƙugi "zuuu" da lasifika ke yi. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. FLAC nau'in fayil ne da ke ajiye sauti ba tare da zubar da komai ba, saɓanin MP3, 24-bit/96kHz kuma ma'aunin ingancinsa ne. Amma fayil mai kyau shi kaɗai ba ya isa, sai hanyar da sauti ke bi zuwa kunne ita ma ta yi kyau.

Fara tabbatar da fayil ɗin na gaske ne, domin wasu kan juya MP3 zuwa FLAC, ya yi nauyi a banza. Buɗe shi da Spek, manhajar da ke nuna zanen sauti, kyauta ce. Idan ka ga sautin ya yanke tsaf a wajen 16kHz, kamar an sa wuƙa, galibi asalinsa MP3 ne mai 128kbps, kuma ba saitin da zai dawo da abin da aka riga aka zubar.

Sai Windows, wanda nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Yakan haɗa duk sautukan kwamfuta, ya mayar da su ma'auni ɗaya. In an bar shi a 16-bit/48kHz, a haka waƙarka za ta fita, komai girmanta. Shiga Control Panel, ka danna Sound, ka zaɓi na'urar da ke fitar da sauti, sai Properties, sannan Advanced. Mayar da Default Format zuwa 24-bit/96000Hz, ka kuma sa alama a akwatuna biyun Exclusive Mode. Abin da ya fi shi ne ka saka manhajar kunna waƙa ta foobar2000, a ɓangaren Output ka zaɓi na'urarka da aka rubuta mata exclusive. Daga nan sautin zai wuce kai tsaye, sai dai YouTube da sauran manhajoji za su yi shiru muddin waƙa na tafiya. Wannan ba lalacewa ba ce.

Ƙugin nan kuwa daga wuta yake. Wutarmu 50Hz ce, kuma ƙugin yakan taso idan kwamfuta da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, suna soket daban-daban, ko gidan ba shi da wayar ƙasa mai kyau. Jona su a soket ɗaya, ka raba wayar sauti da wayar wuta. Idan a janareto kawai yake yi, to ka san inda laifin yake. In ya ƙi bari, nemi DAC na USB, ƙaramar na'ura da ke juya lambobi zuwa sauti a wajen akwatin kwamfuta, nesa da hayaniyar fanka da allon ciki.

A ganina, kada ka kashe kuɗi kan DAC alhali ƙananan lasifikan roba kake ji da su. Kunnen ɗan Adam bai wuce 20kHz ba, kuma ingancin CD, wato 16-bit/44.1kHz, ya riga ya kai nan. Hedifon mai waya ko lasifika nagari su ne za su fi canza abin da kake ji. Bluetooth kuma galibi matse sauti yake yi, ka kauce masa.

Ka lura da data: waƙar minti 5 a 24-bit/96kHz takan ci kusan 170MB a WAV, wato fayil da ba a matse ba, a FLAC kuma wajen 100MB.