Amsa ga mai tambaya kan ikkilisiyar da ta fuskanci aikin mishan

'Yata, na ga tambayarki tun shekaranjiya, ban samu zama ba sai yau. Kin ce sabon fastonku ya tsaya ranar Lahadi ya ce daga bana ikkilisiyarku za ta fuskanci aikin mishan, ke kuma kin rasa gane ko wani sabon baiko ne za a ƙirƙiro, ko fitar da ku za a riƙa yi wa'azi a bakin titi. Sai da na yi dariya, don ni ma ranar da na fara jin maganar nan jakar kuɗi na dafe. Ni ne ma'ajin ikkilisiyarmu a lokacin.

Ubana mutumin wajen Bawku ne, gadi ya kawo shi Kumasi. A Aboabo aka haife ni, da Hausa na buɗe baki kamar kowane ɗan zango, kuma walda nake yi a Suame Magazine har gobe. Ban je makarantar tauhidi ba. Abin da zan faɗa miki daga littafin kuɗi na koye shi, wanda na riƙe shekara 14.

In kina so ki san inda ikkilisiya ta fuskanta, kada ki tsaya karanta taken shekara da aka buga a ƙyalle aka rataya bayan bagadi. Ki nemi littafin ma'aji. Mu ma kowace shekara muna da makon mishan, da riguna masu rubutu, da baƙon mai wa'azi, da hayar lasifika, da lemon kwalba na manyan baƙi. Muna kuma da mai bishara guda ɗaya da muka aika wani ƙauye a wajen Ahafo, cikin 'yan arewa masu aikin gonar koko. Wata shekara ya zo makon mishan ɗin. Ba wanda ya tuna a ba shi kujera a gaba, can baya ya zauna kan benci tare da yara. Da aka tashi na miƙa masa ambulan ɗinsa, sai ya buɗe a gabana yana ƙirgawa. Na ji haushi, na ɗauka raini ne. Ashe lissafin kuɗin mota yake yi. Ya ɗago ya ce, "Ma'aji, ko za ka ranta mini kaɗan? Wannan ba zai kai ni gida ba, ga matata ta ce in riƙo maganin yaro." Ina sunkuyar da kai na ga silifas ɗinsa, an ɗaure hancin da waya.

Daren nan na buɗe littafi na haɗa lissafi. Abin da muka kashe a kwana bakwai muna maganar mishan ya fi abin da muka aika wa mai yin mishan ɗin a wata goma sha biyu. Ba wanda ya saci ko sisi, kowane kuɗi da rasiɗinsa. Kawai dai kanmu muke yi wa hidima, mun sa mata suna mishan. Da na kai maganar gaban dattawa an sha muhawara, wani ma ya ce ina so in kunyata ikkilisiya a idon baƙi. Daga ƙarshe aka yarda da abu ɗaya: kason aikin bishara shi ake fara cirewa daga baiko ranar Lahadi kafin a taɓa komai, ba ragowar da ta saura bayan an biya wuta da fenti ba. Tayil ɗin da muke son sa wa majami'a sai da ya jira shekara uku.

To amma kuɗi shi ne mai sauƙin. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne gane cewa mutanen da muke cewa za mu je nema a nesa suna wucewa ta ƙofarmu kullum da kwano a ka.

Kin san 'yan matan kayayo, masu dakon kaya a kasuwannin Kejetia da Adum. Sunan ma rabinsa namu ne, "kaya" Hausa ce, "yoo" kuwa mace ke nan a harshen Ga. Wata Lahadi uku daga cikinsu suka shigo majami'armu, ɗaya da goyo. Suka jingina kwanoninsu a bango suka zauna a bencin ƙarshe. Ranar kuwa ranar zumuntar mata ce, kowa ta ci ado da anko. Aka yi waƙa da Turanci, aka yi wa'azi da Twi, aka ɗan taƙaita da Hausa. Da aka ce baƙi su tashi su gabatar da kansu, suka kalli juna, ba su tashi ba, don ba su ji abin da aka ce ba. Jaririn ya fara kuka, mai kula da ƙofa ya nuna wa uwar waje da hannu. Ta fita, sauran biyun suka ɗauki kwanoninsu suka bi ta. Ba su ƙara dawowa ba. Babu wanda ya kore su, kuma kowa ya kore su.

Wata tsohuwa a cikinmu, wadda ta yi shekaru tana sayar da koko da ƙosai, ita ce ta ƙi barin maganar ta mutu. Ta bi sawu har inda suke kwana, ta dawo ta ce mana, "Kuna ta addu'a Allah ya buɗe ƙofa, ga ƙofa a buɗe kun tsaya a bakinta." Ita ta gano mana cewa safiyar Lahadi ce kaɗai lokacin da yaran nan ke samu su yi wanki su huta, saboda haka sujadar ƙarfe tara ba tasu ba ce. Ta gano cewa babbar damuwarsu ba wa'azi ba ne tukuna: inda za su ajiye jariri su shiga kasuwa, da inda za su ɓoye 'yan kuɗinsu kada a sace cikin dare, da wanda zai raka su asibiti ya yi musu magana, da yadda za a sabunta katin inshorar lafiya. Sai muka buɗe ɗakin makarantar Lahadi a ranakun aiki, mata suna karɓa-karɓa wajen reno. Muka sa taro da yammacin Lahadi, a kan tabarma, da Hausa, wani yana juyawa zuwa harshensu.

A nan mun yi wani kuskure da nake so ku guje masa. Da farko mun ce sai wadda ta zo taron yamma za a karɓi ɗanta ranar Litinin. Tsohuwar nan ta ce in haka ne ita ta cire hannunta, don wannan ciniki ne, kuma yunwa muke amfani da ita muna jan mutane. Gaskiya ta faɗa. Da yawa cikin yaran nan Musulmi ne, kuma har suka koma garuruwansu Musulmi suke. Mun rena 'ya'yansu don 'ya'yan mutane ne. Wadda ta tambaye mu dalilin da ya sa muke yi, mun faɗa mata ba ɓoye-ɓoye. Wasu sun ba da gaskiya, an yi musu baftisma. Ba zan ba ki adadi ba, don na lura duk ranar da muka fara ƙirga kawuna saboda rahoto, ranar muke fara kallon mutum kamar lamba.

Maganar harshe kuwa ba sabuwa ba ce a ƙasar nan ta Ghana. 'Yan mishan na Basel sun sauka Osu a 1828, zazzaɓi ya yi ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Aikin bai kama ƙasa ba sai da Andreas Riis, wanda ya tsira ya koma Akropong, ya je ya kawo Kiristoci baƙar fata daga Jamaika a 1843, mutane suka ga ashe abin ba na Bature kaɗai ba ne. Bayan haka Zimmermann ya zauna ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Ga, Christaller kuma ya gama na Twi a 1871. Namu na Hausa cikakke ya fito a 1932. Mutanen nan sun bar harshen iyayensu sun koyi na wasu har suka iya rubuta shi. Mu kuwa a gari ɗaya muke da Frafra da Kusasi da Dagomba da Konkomba, amma ƙara rabin awa a sujada don a fassara wa baƙo sai ka ga ana duban agogo. Duk lokacin da na wuce majami'ar Ramseyer a Adum nakan tuna cewa mutumin da aka sa wa ginin sunansa a matsayin kamamme ya fara shigowa Kumasi. An kama shi da matarsa a 1869, bai samu kansa ba sai 1874, sannan a 1896 ya dawo garin da aka tsare shi da ƙafarsa. Ba ina cewa duk abin da Turawan mishan suka yi daidai ba ne. Sun raina al'adu da yawa da ba su fahimta ba, kuma a wurare sun ware masu bi a unguwa dabam da danginsu. Amma ba za a ce sun zaɓi sauƙi ba.

Sai abin da ya fi ciwo, wato ba da mutum. Ki karanta Ayyukan Manzanni sura 13. Ikkilisiyar Antakiya tana da annabawa da malamai biyar da aka ambata, Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe Barnaba da Shawulu, su da suka shekara suna koyar da jama'ar nan. Ba waɗanda aka gaji da su aka tura ba. Mu da can in an ce a aika wani ƙauye, sai a nemo wanda ba shi da aikin yi, ko wanda ya cika gardama a taron dattawa. Ranar da wani saurayinmu, shi ne mai kaɗa mana molo, shi ne shugaban matasa, shi ke gyara janareta, ya ce yana jin kira ya tafi ya taimaki mai bisharar nan na Ahafo, wallahi ni na fara cewa a'a. Na ce wa zai riƙe mana matasa? Fastonmu na lokacin ya kalle ni ya ce, "Ma'aji, kai fa ka ce a fara cire kason bishara kafin a taɓa komai. Kuɗi kaɗai kake nufi?" Ban sami amsa ba. Ya tafi. Wata shida waƙarmu ba daɗin ji, har yara biyu da ba wanda ya san sun iya suka taso. Ki dubi Church of Pentecost, wadda ta samo asali daga aikin James McKeown da ya zo a 1937. Yau tana cikin ƙasashe fiye da ɗari, kuma yawanci 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗalibai 'yan Ghana ne suka fara taron addu'a a ɗakunansu a can kafin a aika fasto. Ba su jira sun gama gini a gida ba.

Game da wa'azin bakin titi da kike tsoro, mu 'yan zango dole mu yi magana a kai da gaskiya. Ƙidayar 2021 ta ce kusan kashi 71 cikin ɗari na mutanen Ghana Kiristoci ne, amma a Aboabo da Asawase da Sabon Zango mu ne 'yan kaɗan, kuma maƙwabtanmu su ne suka yi mana wankan jego suka haƙa kabarin iyayenmu. Mun taɓa kafa lasifika a fili muka saki kiɗa daidai lokacin sallar magariba. Washegari wani Alhaji maƙwabcina, wanda tare muka yi wasan ƙasa, ya same ni a shago. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da kun tambaye ni, da na faɗa muku ku jira minti ashirin. Yanzu ko me kuka faɗa jiya, ba wanda ya ji sai ƙarar." Na ji kunya ƙwarai. Manzo Bitrus ya ce mu kasance a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi. Amsa kuwa sai an yi tambaya, kuma ba mai tambayar wanda bai taɓa zuwa masa gaisuwar mutuwa ba. Zumunta a ƙafa take. Da Babban Limamin ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, ya shiga majami'ar Christ the King a Accra ranar Ista ta 2019, lokacin cikarsa shekara 100, bai bar addininsa ba, su ma ba su bar nasu ba. Irin wannan mutuncin ne ya sa har yau nake iya zama da Alhajin nan muna shan shayi, yana tambayata abin da muke nufi da cewa Almasihu ya mutu dominmu, ina ba shi amsa iyakar sanina, shi ma yana faɗa mini nasa.

Saboda haka kada ki yi saurin zargin fastonku, kada kuma ki yi saurin tafa masa. Ki je taron ikkilisiya na gaba ki ɗaga hannu da ladabi. Ki tambaya su wane ne a unguwarku ba sa shigowa, kuma me a cikin tsarinku yake hana su: lokaci ne, harshe ne, ko tufafi. Ki tambaya nawa ne cikin baiko yake fita waje, kuma ana cire shi da farko ne ko da ƙarshe. In ya ce za a aika wani, ki tambaya wa zai riƙa kiransa a waya, wa zai biya kuɗin makarantar 'ya'yansa, don mu sai da mai bishararmu ya kwanta ciwo sati biyu ba mu sani ba kafin muka sa mutum takanas a kan wannan. In fasto ya ji daɗin tambayoyin nan, ku riƙe shi da kyau. Ki kuma shirya, don mai irin wannan tambaya a taro ita akan fara ba aikin. Ni daga tambayar kuɗin riguna na tsinci kaina ina hawa motar Ahafo duk ƙarshen wata da buhun masara da ambulan. Asabar mai zuwa ma zan tafi, tayar babur ɗin mai bishararmu ta baya ce ta mutu.