Kwastam sun ce kayan yaran da na shigo da su ba na jarirai ba ne

Tambaya: Barista, ina sayar da kayan yara a kasuwar Wunti da ke Bauchi. Na yi odar kayan sallah daga Guangzhou ta China, ejan ɗina ya shigar da su duka a matsayin kayan jarirai. Da aka buɗe kwantena a tashar jiragen ruwa ta Apapa, kwastam suka ce ba haka ba ne, suka ba da takardar cikon kuɗi. Ejan ya ce in turo kuɗin kawai. Ina da ikon ƙin biya?

Amsa: Hajiya, kina da ikon ƙalubalantar takardar, amma kafin ki ja daga, sai ki tabbata gaskiya na wajenki.

A jadawalin harajin kwastam babu wani rukuni guda na "kayan yara". Najeriya na aiki da jadawalin bai-ɗaya na ECOWAS tun 2015, kuma tufafi babi biyu ne a cikinsa. Babi na 61 na kayan saƙa ne masu miƙewa, irin singileti da suwaita. Babi na 62 na waɗanda aka yanka yadi aka ɗinka ne, kamar wandon jins da doguwar rigar biki. Jarirai kaɗai aka ware wa gurbi, 6111 a kayan saƙa, 6209 a ɗinkakku. Jariri kuma a nan ba da shekaru ake gane shi ba, da tsayi ne: yaron da bai wuce santimita 86 ba. Rigar 'yar shekara biyar gurbinta ɗaya da ta uwarta, wandon ɗan firamare kuma da na ubansa. Saboda haka in a katan ɗinki akwai sayis na 'yan shekara huɗu ko takwas, jami'in bai yi kuskure ba, ko da hoton jinjiri ne a jikin ledar.

Har ɓangaren maɓalli ana dubawa. Rigar da hagu ke hawa kan dama ta maza ce, wadda dama ke hawa kan hagu ta mata, wadda aka kasa tantancewa kuma ana sa ta a ta mata. Sannan a duba zaren da ya rinjaya a nauyi, auduga ko roba. Takalma da huluna da aka cusa a ƙasan katan suna da nasu babi, 64 da 65.

Ga inda nake so ki sa ido sosai. Yawancin tufafi, na jariri da na babba, harajin shigo da su kashi 20 ne cikin 100. Ke nan sauya lamba shi kaɗai ba lallai ya kawo cikon kuɗi mai yawa ba. Sau da yawa abin da ya tashi shi ne ƙimar kayan, wato kwastam ba su yarda da farashin da ke kan rasit ba, ko kuma an ɗora tara saboda bayanin da bai dace da kaya ba. Ki sa ejan ya turo miki ita kanta takardar, wadda suke kira DN, tare da Fom M (takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki) da PAAR (rahoton ƙimar kaya da kwastam ke bayarwa) da takardar bayanin kaya, ki ga da idonki me aka ƙara. Ejan da ke ƙin nuna takarda yana neman kuɗi ta waya, ni ban cika natsuwa da shi ba. Kuma ki sani, abin da ya rubuta da sunanki ya rubuta, ke doka za ta fara tambaya.

In kayan na jarirai ne da gaske, ki rubuta ƙorafi ga kwanturolan tashar, ki haɗa da jadawalin sayis na masana'anta, hotunan lakabin wuyan riguna, da shaidar banki ta kuɗin da kika tura. Ki nemi a sake duba kayan a gaban wakilinki da tef ɗin awo. In ba a warware ba sai hedikwata a Abuja, daga nan Babbar Kotun Tarayya, domin sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ita kaɗai ya ba hurumin shari'ar kwastam. Kar ki ɓata kuɗinki a kotun majistare.

Sai dai kayan sallah ba sa jiran shari'a, kuɗin kwanan kwantena a tasha kuma kullum hawa yake. Shi ya sa na fi ba da shawarar a biya, amma da wasiƙar da ke cewa an biya ne ba don an amince ba, a sa a buga mata hatimin karɓa, a fitar da kaya, sannan a bi sawun rarar. In kuwa kayan gauraye ne, ki biya cikon, ki koma kan ejan bisa yarjejeniyarku.

A oda ta gaba, ki sa mai sayarwa ya raba katan na jarirai da na manyan yara, ya rubuta kowanne a layinsa. Hukumar kwastam ta kuma fito da tsarin neman hukuncin lambar kaya tun kafin a yi lodi, ƙarƙashin dokarta ta 2023. Kar ki yarda a cike kwantena da dilar gwanjo, shigo da shi haramun ne a doka, zai iya jawo wa sababbin kayan matsala. Direban da zai taho da kayan kuma ya riƙe kwafin shaidar biyan haraji, don rundunar sintirin kwastam ta shiyyar D a nan Bauchi take, tana iya tsayar da mota ta nemi gani.