Tambaya da Amsa: Su wane ne 'yan'uwan Yesu?

TAMBAYA: Baba Malam barka da aiki. Ni 'yar ECWA ce maigidana kuma ɗan Katolika, muna zaune a Mabera nan Sakkwato. Ran Lahadi an taso coci muna cin tuwo sai gardama ta kaure, shi ya ce Maryamu budurwa ta zauna har ƙarshen rayuwarta, ni ko na buɗe mishi Markus 6:3 inda aka jero 'yan'uwan Yesu su Yakubu da Siman har da mata. Har miya ta huce ba mu gama ba. Don Allah wa ke da gaskiya?

AMSA: To 'yata, wannan gardamar ta daɗe fa. A Roma wani Helbidiyus ya faɗi irin maganarki, wani malamin coci mai suna Jerom kuma ya rubuta mishi raddi wajen shekara ta 383 ya ce dangi ne kawai, ba ciki ɗaya suka fito ba, galibin 'yan Katolika a kan haka suke. Cocin Otodoks kuma sun bi wata tsohuwar ruwaya da ta ce Yusufu ya taɓa aure, kenan 'ya'yan matarsa ta fari ne.

Ni abin da ke ba ni dariya, mu Hausawa ma wa zai koya mana wannan? Kalmar ɗan'uwa in kin fasa ta ɗan uwa ce, amma ki je gidan biki ki ji, ɗan baffa ɗan'uwa, taubashi ɗan'uwa, wanda kuka haɗa ƙauye ma ɗan'uwa, sai an matsa mutum ya ce a'a uwa ɗaya uba ɗaya muke. Haka Ibrananci yake, a Farawa 13:8 Ibrahim ya ce ma Lutu mu 'yan'uwa ne alhali ɗan ɗan'uwansa ne. Nan maigidanki ya samu madafa, kuma zai ƙara miki da cewa a kan gicciye Yesu ya danƙa uwarsa a hannun almajirinsa, in tana da wasu 'ya'ya me ya kawo haka?

Amma ke ma ba hannu rabbana kika zo ba. Da Girkanci aka rubuta Sabon Alkawari, kuma suna da kalma daban ta ɗan baffa ko ɗan kawu, anepsios, Bulus ya yi amfani da ita a Kolosiyawa 4:10 kan Markus da Barnaba, amma kan Yakubu adelfos ya ce, wato kalmarsu ta ɗan'uwa. Ga Matiyu 1:25 da ya ce Yusufu bai san ta ba har ta haihu. A ganina in Markus kaɗai mutum ya karanta karatunki ne zai fara zuwa mishi, sai dai kalmar ita kaɗai ba ta raba gardama. Batun cewa an kira Yesu ɗan farin Maryamu kuwa kar ki dogara da shi, ko tilo ai ɗan fari ne.

Wani abin da zai ba ki mamaki, Martin Luther, jagoran 'yan Furotesta da suka ɓalle daga Katolika, da kansa ra'ayin maigidanki ya riƙe.