Tambayoyin Masu Karatu: Ta ina ake shiga fagen dokokin ƙasa da ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aji huɗu a tsangayar shari'a ta Jami'ar Jos, kuma burina in zama malamar jami'a a fannin dokokin ƙasa da ƙasa da harkokin waje. Ta ina zan fara? Daga wata ɗaliba, Unguwar Rogo.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yarmu. Allah ya cika buri. Matakan sanannu ne: ki kammala shekara 5 da sakamako mai kyau, ki yi shekara guda a makarantar horon lauyoyi (hedikwatarta na Bwari), sai hidimar ƙasa, sannan digiri na biyu da na uku. Ki nemi aikin koyarwa da wuri, domin tallafin ƙaro karatu na TETFund (asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu) ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ake ba wa.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne haddace yarjejeniyoyi ba tare da karanta hukunce-hukunce ba. Ɗauki shari'ar Bakassi, wato rikicin Nijeriya da Kamaru kan mallakar yankin Bakassi, wadda Kotun Duniya da ke Hague ta yanke ranar 10 ga Oktoba, 2002. Nijeriya ta kafa hujja da cewa mutanenta ne ke zaune a wurin, ita ke gudanar da mulkinsa. Kotu ta fifita takarda, wato yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913. Ki karanta hukuncin tun daga farko har ƙarshe, har da ra'ayin alƙalan da suka saɓa. Daga nan ki bi yarjejeniyar Greentree ta 2006, wadda ƙasashen biyu suka ƙulla kan aiwatar da hukuncin, zuwa miƙa yankin ga Kamaru a 2008, za ki ga inda aikin lauya ya tsaya, na jakada ya ɗora. Ki kuma riƙe sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 da kyau: yarjejeniya ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka.

Sai Faransanci, kuma a nan muna jaddadawa, don yawancin ɗalibanmu na sakaci da shi. Da shi da Ingilishi Kotun Duniya ke aiki, ga kuma Nijar da Chadi da Kamaru da Benin kewaye da mu. Awa guda kullum daga yau, kada ki jira sai kin gama digiri.

Idan hutu ya zo, ki nemi horon aiki a Kotun ECOWAS da ke Abuja, ko ki halarci zamanta ki saurari yadda ake gabatar da hujja. Ki zaɓi batun kundin kammala karatunki daga shari'a guda da kika ji a can.