Me Ya Sa Rikicin Bauta a Amurka Ya Fi Zafi Kan Sababbin Yankuna?

Tambaya: Malam, na karanta cewa kafin yaƙin basasar Amurka 'yan siyasa sun fi yin sa-in-sa kan bauta a sababbin yankunan yamma fiye da jihohin kudu inda bayin suke. Me ya jawo haka?

Amsa: Tushen abin yana cikin tsarin mulki. A wancan zamani kusan kowa, har da Abraham Lincoln, ya yarda cewa gwamnatin tarayya ba ta da hurumin taɓa bauta a jihar da ta riga ta halatta ta. Yankin da bai zama jiha ba kuwa yana hannun majalisar tarayya, don haka can ne aka buɗe fagen dagar.

Sannan akwai lissafin kujeru, domin kowace jiha, ƙarama ko babba, sanata biyu gare ta. A 1819 jihohi 11 ne masu bayi, 11 marasa bayi, sai Missouri, wadda aka yanko daga ƙasar Louisiana da Amurka ta saya daga Faransa a 1803, ta nemi shiga da bayinta. Sulhun 1820 ya karɓe ta tare da Maine marar bayi, ya kuma haramta bauta a sauran ƙasar Louisiana da ke arewa da layin digiri 36 da minti 30.

Yaƙin da aka yi da Meziko daga 1846 zuwa 1848 ya kawo wata makekiyar ƙasa, sai tsohon miki ya sake ɓarkewa. Ɗan majalisar wakilai David Wilmot na Pennsylvania ya nemi a hana bauta a duk abin da za a ƙwato. Majalisar wakilai ta amince, ta dattawa ta ƙi. Kada a ɗauka tausayin bayi ne ya motsa shi, domin shi da kansa ya bayyana cewa farar fata masu noma da ƙarfinsu yake son tanadar wa filayen, kuma wannan ɓangare na tarihin yana ci mini rai ƙwarai. Sulhun 1850 ya shigar da Kalifoniya babu bayi, amma ya tsananta dokar kamo bawan da ya gudu.

A 1854 Sanata Stephen Douglas ya rushe layin 1820 da dokar Kansas da Nebraska, wadda ta bar wa mazauna yanki zaɓi. Dubban mutane ɗauke da bindigogi suka tsallako daga Missouri suka jefa ƙuri'ar bogi a Kansas, jini ya zuba. A Mayun 1856 ɗan majalisa Preston Brooks ya tarar da Sanata Charles Sumner, wanda ya yi jawabin suka kan bauta a Kansas, zaune a teburinsa cikin zauren majalisar dattawa, ya yi ta jibgarsa da sanda har ta karye. A 1857 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Dred Scott, wani bawa da ya nemi 'yancinsa a kotu, cewa majalisa ba ta da ikon hana bauta a yankunan, kuma da Lincoln ya ci zaɓen shugaban ƙasa na 1860 bisa alkawarin dakatar da yaɗuwarta, jihar South Carolina ta ɓalle daga tarayyar a watan Disamba.

Waɗanda ake wannan ciniki a kansu, kusan mutum miliyan 4 a 1860, ba a taɓa jin ta bakinsu ba. Duk sabuwar ƙasar auduga da aka buɗe, farashinsu tashi yake yi, sai a raba uwa da ɗanta a Virginia ko Maryland, a jera su cikin sarƙa, a kora su kudu da ƙafa.